Florence Nightingale, Macen da Ta Mai da Jinya Aikin Ilimi

Kowace shekara mukan keɓe 'yan shafuka a wannan mujalla domin tarihin wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya. Bana mun zaɓi mace, kuma Baturiya. Dalilinmu shi ne, da dama cikin 'yan aji shida, mata da maza, sun gaya mana suna so su shiga makarantar koyon aikin jinya in sun gama. Mun kuma ji cewa akwai iyayen da ba su yi murna da wannan ba, domin a ganinsu in ɗa bai zama likita ba to kuɗin makaranta ya faɗi banza. Ga waɗannan ɗalibai da iyayensu muka rubuta labarin Florence Nightingale, wadda ita ma sai da ta yi shekaru tana fama da mutanen gidansu a kan wannan magana.

An haife ta ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke doguwar tafiya a ƙasashen Turai. Sunan garin aka sa mata. Mahaifinta, William Nightingale, attajiri ne mai gida biyu a Ingila, ɗaya a Lea Hurst, ɗaya a Embley Park. Shi da kansa ya koyar da ita da yayarta Parthenope a gida. Sun karanta Helenanci da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da tarihi. Lissafi kuwa ita ta nace sai an koya mata, ko da yake mahaifiyarta ba ta ga amfaninsa ga budurwa ba. Masu gudun ajin lissafi su riƙe wannan a zuciya, za mu komo kansa nan gaba.

Daga baya ta rubuta cewa ran 7 ga Fabrairu, 1837, tana gab da cika shekara 17, Allah ya yi magana da ita, ya kira ta ga hidimarsa. Ba a bayyana mata wace irin hidima ba ce. Sai da shekaru suka wuce, tana ziyartar marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da gidansu, kafin ta gane jinya ce aikinta. A 1845 ta roƙi izini ta je asibitin Salisbury ta koyi aiki na 'yan watanni. Gida ya rikice. Mahaifiyarta da yayarta suka ɗauki abin kamar ta ce za ta zubar da mutuncin dangi.

Kada mu yi saurin ganin laifinsu. A Ingila ta wancan zamani mai hali ba ya kwanciya asibiti, a gida ake jinyarsa. Asibiti wurin matalauta ne, cike da wari da ƙazanta. Matan da ke jinya a ciki ba wanda ya koya musu kome, albashinsu kaɗan ne, kuma an san da yawansu da shan giya. Wace uwa ce za ta so 'yarta a irin wannan wuri? Florence ta yi shiru, amma ba ta saki ba. Takan tashi da asuba ta karanta rahotannin asibitoci da na lafiyar jama'a a ɓoye, kafin a kira ta karin kumallo. Wani mutumin kirki mai suna Richard Monckton Milnes ya yi shekaru yana neman aurenta, ita ma tana sonsa, amma a 1849 ta ƙi, domin ta ga auren zai rufe mata ƙofar aikin da aka kira ta.

Ƙofa ta fara buɗuwa a Jamus. A garin Kaiserswerth wani fasto na ikkilisiyar Lutheran, Theodor Fliedner, ya kafa gida inda ake horar da mata masu hidimar ikkilisiya su kula da marasa lafiya da marayu. Ta ziyarci wurin a 1850, ta koma a 1851 ta yi wajen wata uku tana aiki tare da su. Daga baya ba ta ɓoye ba cewa ilimin jinya da tsabtar wurin ba su kai ba, amma ibadarsu da sadaukar da kansu sun shiga ranta ƙwarai. A Agusta 1853, tana da shekara 33, aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley a Landan. Mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara, abin da ya ba ta 'yancin kanta. Nan aka fara ganin irin kanta. Ta sa aka ja famfon ruwan zafi zuwa kowane bene, aka kafa na'urar ɗaga abinci daga kicin don ya isa da zafinsa, aka sa ƙararrawa mai nuna wane ɗaki ne ke kira. Da kwamitin asibitin ya so a karɓi 'yan cocin Ingila kaɗai, ta tsaya kai da fata sai an karɓi 'yan Katolika da Yahudawa su ma.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi a gefen Turkiyya, suna yaƙar Rasha a yankin Kirimiya, bakin Bahar Aswad. Wakilan jaridar The Times suka riƙa aiko da labarin yadda sojojin Ingila masu rauni ke mutuwa ba mai kula da su, alhali Faransawa suna da sistoci masu jinyar nasu. Jama'a suka fusata. Sidney Herbert, ministan da ke kula da sha'anin soja, wanda ya san Florence tun 1847, ya roƙe ta ta jagoranci ayarin mata zuwa can. Ran 21 ga Oktoba, 1854, ta tashi da mata 38, cikinsu har da sistocin Katolika da na Angilikan. A farkon Nuwamba suka isa Scutari, hayin birnin Istanbul, inda aka mai da wani ƙaton barikin sojan Turkiyya asibiti.

Abin da suka tarar ya wuce abin da jarida ta faɗa. Majinyata jere a ƙasa cikin rigunan da suka zo da su daga fagen fama, jini da ƙwarƙwata sun manne musu. Ba isassun gadaje, ba sabulu, ba tawul, ba kwanon wanka. Ɓeraye ko'ina. Ginin kansa yana zaune ne a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska na kwaso warin zuwa cikin ɗakuna. Likitocin soja kuma ba su yi maraba da mata ba. Florence ta hana matanta taɓa majinyaci sai likita ya nema. Wasu cikinsu sun ji haushinta, suna ganin mutane na wahala su kuwa an sa su ɗinki da dafa kunu. Amma ta san in ta shiga da ƙarfi za a kore su duka, a ce mata ba su da wuri a asibitin soja. Ba a daɗe ba jiragen ruwa suka fara sauke ɗaruruwan masu rauni daga yaƙin Inkerman, likitoci suka rasa yadda za su yi, suka nemi hannu.

Yawancinmu mun san hotonta riƙe da fitila tana zagaya majinyata da dare, kuma gaskiya ne ta yi haka. Amma in za a zana aikinta na yini, sai a zana ta da burushin goge daɓe da littafin lissafin kaya. Da kuɗin da masu karanta The Times suka tara, da nata na kanta, ta sayi burushi 200, da riguna, da cokula, da kwanoni. Ta kama hayar gida ta sa tukwanen ruwan zafi, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki.

Sai maganar abinci, wadda muke so mu ɗan daɗe a kanta, domin ita ce aka fi mantawa. A asibitin nan nama ake jefawa cikin manyan tukwane, kowane ɗaki an ɗaure rabonsa da tsumma ko an soka masa wata alama. Wanda aka jefa da fari ya narke, na ƙarshe ya fito ɗanye. Rabo kuma sa'a ce, wani ya sami tsoka, wani ƙashi zalla. Kafin a gama zagaya ɗakuna abinci ya yi sanyi. A tukwanen nan kuma ake dafa shayi. To, mutumin da atini ko taifot ya kwantar, wanda ko ruwa da ƙyar yake haɗiya, me zai yi da guntun nama mai tauri? Sai a ajiye masa a gefe, wani ya cinye, a rubuta an ba shi abinci. Mutane suna mutuwa da yunwa alhali a takarda an ciyar da su. Tun a hanya, a Marseille, Florence ta sayi ƙananan murhu da garin kunu da kayan romo. Da su ta buɗe kicin na musamman domin masu tsananin ciwo, inda ake dafa abinci mai laushi bisa ga abin da likita ya rubuta wa kowane mutum.

A can fagen fama ma haka abin yake. Sojoji na cin busasshen biskit da naman gishiri, ba ganye ba 'ya'yan itace, har dasashinsu ya kumbura yana jini, haƙora na girgiɗi. Maganin wannan ciwo sananne ne tun kafin lokacin, wato ruwan lemun tsami. An kawo shi tashar Balaclava a Disamba 1854, amma ya zauna a sito har Fabrairu 1855 domin ba wanda aka ba umarnin rabawa. Kofi kuma ɗanye aka riƙa ba su, ga shi ba itacen suya. A 1855 wani shahararren kuku Bafaranshe, Alexis Soyer, ya zo da kuɗin aljihunsa ya haɗa hannu da Florence. Ya koya wa sojoji dafa miya mai daɗi da kayan da ake da su, ya kuma ƙera murhun da rundunar Ingila ta yi fiye da shekara 100 tana amfani da irinsa. Akwai kuma Mary Seacole, baƙar fata daga Jamaika, wadda ta nemi a tura ta aikin jinya aka ƙi. Ta kai kanta, ta buɗe wurin abinci kusa da Balaclava, tana kuma yi wa sojoji magani.

Yanzu ga abin da littattafan yara ba su cika faɗa ba. Duk da wankin da kunun da addu'ar, mutuwa ba ta ragu ba a watannin farko. Ƙaruwa ta yi. Sojoji sama da 4,000 suka mutu a Scutari a wannan hunturu, kuma a Fabrairu 1855 wajen 42 cikin kowane 100 da aka kwantar ba su tashi ba. Sai a Maris gwamnati ta aiko da hukumar tsabta, cikinta da Dokta John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka buɗe magudanan da suka toshe aka wanke, suka huda wuraren shigar iska, suka shafe bango da farar ƙasa. A hanyar ruwan da asibiti ke sha suka tarar da mushen doki. Zuwa Yuni mutuwa ta sauko wajen 2 cikin 100.

A Mayu 1855 ta haye zuwa Kirimiya don duba asibitocin can, zazzaɓi mai tsanani ya kama ta har aka fid da rai. Masana na yanzu suna ganin cutar nan ce da ake ɗauka daga madarar dabbobi da ba a dafa ba. Ta tashi, ta ƙi komawa gida sai da yaƙi ya ƙare, amma ba ta ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. A Agusta 1856 ta shiga Ingila a ɓoye da sunan aro, don gudun taron tarba.

A nan lissafin da ta nace a kai ya yi rana. Ta zauna da William Farr, gwanin ƙididdiga, suka bi alƙaluman mutuwar sojoji wata bayan wata. Abin da ya fito ya girgiza ta. Sojojin Ingila da harsashi da rauni suka kashe ba su kai 5,000 ba, waɗanda cuta ta kashe kuwa sun haura 16,000, kuma asibitin da ita ta yi aiki yana cikin wuraren da aka fi mutuwa. Wani da ya ga haka sai ya rufe littafin ya ci gaba da karɓar yabo. Ita kuwa ta fitar da shi fili. Ta gana da Sarauniya Victoria a 1856, ta matsa har aka kafa hukumar bincike a 1857. Domin ta san manya ba sa karanta dogon jerin lambobi, a 1858 ta zana alƙaluman a da'ira mai launi, shuɗi na cutar da za a iya hanawa, ja na rauni, baƙi na sauran dalilai. Ko wanda bai yi makaranta ba ya kalla zai ga shuɗi ya cinye zanen. Ta kuma nuna cewa ko a lokacin zaman lafiya, soja a barikin Ingila ya fi farar hula tsaransa mutuwa kusan ninki biyu. A shekarar ce ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, mace ta farko a cikinsu.

Jama'a sun tara mata kuɗi sama da fam 44,000 don godiya. Da su aka buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas a Landan a 1860, da ɗalibai 15, a ƙarƙashin Sarah Wardroper. Horon shekara guda ne. Ɗalibai suna kwana a gida na musamman cikin asibiti, suna aiki a ɗakunan majinyata, likitoci na ba su lacca, suna kuma rubuta abin da suka gani kowace rana. Kowane wata ana cika takarda a kan kowace ɗaliba, ana duba kiyaye lokacinta, da gaskiyarta, da tsabtarta, da iya gyaran gado, ɗaurin miki, dafa abincin majinyaci da lura da alamun ciwo. Ta kafa ƙa'ida cewa masu jinya su kasance ƙarƙashin shugaba mace wadda ita ma ta koyi aikin, su bi umarnin likita a kan magani, amma horonsu da tarbiyyarsu na hannun shugabarsu. Ko da yake ita mai ibada ce ƙwarai, ba ta yarda a zaɓi ɗaliba don ɗarikarta ba, kuma ta ce aiki ne da ya cancanci albashi.

Makarantar ba ta tashi da kyau nan da nan ba. Florence na kwance a gida, ba ta koyarwa da kanta. A farkon shekarun 1870 ta gano cewa ana mora ɗaliban da aiki fiye da yadda ake koya musu. Ta sa aka gyara tsarin lacca, aka naɗa malama mai zama da su a gida, ita kuma ta riƙa kiransu ɗaya ɗaya tana yi musu tambayoyi. Daga nan ɗalibanta suka bazu. Agnes Jones ta tafi da masu jinya 12 zuwa asibitin gidan matalauta na Liverpool a 1865, ta yi aiki har zazzaɓi ya kashe ta a 1868. A shekarar nan Lucy Osburn ta kai tsarin birnin Sydney a Ostareliya.

A ƙarshen 1859 ta fitar da ɗan littafi mai suna Notes on Nursing. Ba don ma'aikatan asibiti ta rubuta shi ba, don matan gida ne, tun da kusan kowace mace wata rana jinyar wani za ta faɗo hannunta. Ya yi magana a kan iska mai kyau, ruwa mai tsabta, haske, magudanar ruwa, shimfiɗa, rage surutu, da baƙi masu cika majinyaci da shawarwari. A kan abinci ta koyar cewa mai jinya ya lura da lokacin da majinyaci ke iya ci, ya ba shi kaɗan kaɗan a kai a kai in ba ya iya cin mai yawa, kada a bar kwanon da bai taɓa ba a gefensa har ya ƙyamaci abinci, kuma a san ainihin abin da ya shiga cikinsa. Mu da muke kai wa 'yan'uwa abinci asibiti a kwanon sha da kula, mun san sau nawa mukan ajiye tuwo mu tafi, mu komo mu ɗauki kwano ba mu tambayi wa ya ci ba. 'Yan makaranta da ke kai wa abokansu abinci ɗakin jinya su ma su duba wannan.

Sauran aikinta a kan hana cuta ne tun ba ta zo ba. Ba ta taɓa taka Indiya ba, amma daga gadonta ta tattara bayanai daga barikokin can, rahoton 1863 ya nuna sojan Ingila 69 cikin 1,000 ke mutuwa kowace shekara, ta kuma yi shekaru tana matsa wa hukuma a kan ruwan sha da tsabtar ƙauyukan Indiyawa. A 1892, tana da shekara 72, ta taimaka aka horar da mata a Buckinghamshire su riƙa shiga gida gida a ƙauye suna koya wa iyaye mata tsabta da renon jarirai, a matsayin ƙawaye, ba masu binciken laifi ba.

Ba za mu ce ba ta da aibi ba. Tana da kaifin harshe, kuma takan matsa wa masu taimakonta fiye da kima. Sidney Herbert yana ciwon ajali a 1861 tana ta tura masa aiki. Ta daɗe tana ganin wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo cuta, sai daga baya ta karɓi koyarwar ƙwayoyin cuta, ko da yake tsabtar da ta nace a kai ita ce maganin a kowane hali. Ta kuma yi adawa da rajistar ma'aikatan jinya ta gwamnati, tana ganin jarrabawa ba ta auna hali. A nan ƙasashe ba su bi ta ba, kuma muna ganin sun yi daidai, domin rajista ce ke kare majinyaci daga wanda ya sa farar riga bai koyi kome ba.

Makarantarta ta taɓa ƙasarmu kai tsaye. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, ta so aikin jinya tun tana yarinya, mahaifinta ya ƙi, sai ta zama malamar makaranta. A 1946 ta shiga makarantar Nightingale a St Thomas, baƙar fata ta farko a can. Ta komo Nijeriya a 1954, a 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci masu jinya a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta shugabanci aikin jinya na ƙasa baki ɗaya. A 1973 ƙungiyar Red Cross ta ba ta lambar yabo mai sunan Florence Nightingale. Ta rasu a 1992.

Ita Florence idonta ya rufe a ƙarshen rayuwarta. A 1907 Sarki Edward na Bakwai ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, mace ta farko da ta samu. Ta rasu cikin barci ran 13 ga Agusta, 1910, a gidanta da ke Landan, tana da shekara 90. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. An nemi a binne ta a Westminster Abbey tare da sarakuna da manyan ƙasa, amma danginta suka ƙi, bisa ga abin da ta bari wasiyya. Sojoji shida suka ɗauki akwatinta zuwa makabartar cocin St Margaret a ƙauyen East Wellow, kusa da Embley Park, inda iyayenta suke kwance. A gefen dutsen kabarin iyalin an sassaƙa ƙaramin gicciye, da haruffa biyu na farkon sunanta, da ranar haihuwa da ta rasuwa.